Yadda Za Ka Samo Mata a Dajin Sinharaja da Sauran Jini a Jikinka

Ka ga yarinya a Kolombo, ka ce kana so, ta ce sai mahaifinta ya gan ka, shi kuwa yana can ƙauye a bakin dajin Sinharaja yana tatsar zaƙin itacen kitul mai kama da giginya? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za a ba ka. Ta nan na bi na auri Dulanjali, kuma har yau da ƙafafuna nake tafiya.

1. Yi shiga ta mutunci

Sa farin wando da takalmi sau-ciki. Mota za ta sauke ka inda kwalta ta ƙare, ruwan sama ya raka ka sauran hanyar. Miƙa wa tsohon ganyen taunawa, wato goronsu na can, da hannu biyu, ka durƙusa. Nawa surukin, Baba Jinadasa, wandona ya fara dubawa.

"Ɗana, a asibiti kake aiki?"

"A'a Baba, a banki."

"Kash. Da asibiti ne, da wandon ya saba ganin jini."

Yi dariya. Ba wasa yake yi ba, amma yi dariya.

2. Ƙi karɓar sabulu da gishiri

Uwar yarinya za ta miƙo maka su ka shafa a ƙafa saboda matsattsaku. Ce mata, "Haba Inna, ai na saba." Masana sun tabbatar namiji ba ya shafe-shafe a gaban surukai. Masanan ni ne.

3. Bi bayan babba

Tsoho zai ce ka zo ka ga itatuwansa. Tarbiyya ta hana ka shiga gabansa a 'yar siririyar hanya, saboda haka bi shi a baya. Ga abin da ba a koyarwa a banki: na gaba tashin matsattsaku yake yi daga barci, na baya ne karin kumallonsu.

4. Kada ka dubi ƙasa

Dubi sama. Yaba tsayin itatuwa, tambayi sunan kowane tsuntsu. Idan ya hau kitul ya ce ka riƙe masa tulu, tsaya cak cikin jiƙaƙƙen ganye, kada ka motsa. Za ka ji ɗumi-ɗumi a cikin safa. Ɗauka zufa ce.

5. Cire takalmi a ƙofar gida

Nan ne jarrabawar. Da na cire nawa, Dulanjali ta ga jini da matsattsaku, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Baba, me ka yi masa?"

"Ni? Ko taɓa shi ban yi ba."

Inna Somawati ta rugo da gishiri tana faɗa: "Tsohon nan ba ka da tausayi! Ɗan mutane ya zo da ƙafafu, zai koma da rariya."

Tsoho bai kula ta ba. Ya ɗage zanensa, ya duba ƙwaurinsa gaba da baya, ya sake dubawa.

"Somawati, tunda nake shiga dajin nan ban taɓa dawowa babu cizo ba sai yau. A ba shi. Irin wannan ba a bari ya faɗa hannun wani dangi."

6. Riƙe muƙaminka

Daga ranar ka zama ɗan gida. Ni yanzu da na sauka ƙauyen, ƙannen matata har faɗa suke yi a kan wanda zai shiga gabana. Duk hutu sai Baba ya bugo waya: "Ɗana, yaushe za ka zo? Akwai itatuwan da ba ka gani ba."

A kula

Jiri, ƙaiƙayi, zubar jini da zubar girma duk na mai su ne, babu ruwan marubuci. Kafin ka hau mota kuma, tambayi yarinyar da kyau. Ni sai bayan biki Dulanjali ta gaya mini Baba ya amince tun kafin in bar Kolombo. Ɗan rakiya kawai yake nema.