Wasiyyar Jan Bijimi

Ina zaune a tsakar gida ina shafa cikin kyanwarmu, matata Hinde ta ce, "Malam, dubi yadda take kaɗa wutsiya. Ta gaji, ƙyale ta."

Na ce, "Ni da nake juya bijimai biyu a gona, kyanwa za ki koya mini?"

Ban rufe baki ba kyanwar ta cafke mini yatsa.

Nan take na tuna wani mutumin Tsaskiya da mahaukacin kare ya ciza. An ce mai ciwon haukan kare tsoron ruwa yake yi, da Hinde ta miƙo mini moɗa kuwa gabana ya faɗi. Shi ke nan, ta tabbata!

Ƙanena Sale ya ɗauke ni a babur sai asibitin Batsari. A hanya na ƙanƙame shi, na ce: "In ta Allah ta kasance, jan bijimin naka ne."

Malamar asibiti ta juya yatsan, ta sake juyawa. "Baba, ina wurin? Ko fatar ba ta huda ba. Wanke da sabulu, ka daina taɓa wa kyanwa ciki."

Har yau, kyanwa na gilmawa sai Sale ya leƙo: "Yaya, in kawo igiyar jan bijimin?"