Addu'ar da Na Yi wa Mesiye Ngwa da Turanci

Ba zan taɓa mantawa da walimar ban-kwanan malaminmu na Turanci ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni.

A shekarun da sojoji suke ta bore a Bangui ne. Makarantu a rufe, yau a buɗe kasuwa, gobe a ji harbi kowa ya ja ƙofar shagonsa. Baffana da ya riƙe ni yana sayar da atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar. Da ya ga zaman banza zai lalata ni, sai ya sa ni ajin Turanci, da burin wata rana ya tura ni Legas saro kaya ba tafinta. Malamin shi ne Mesiye Ngwa, mutumin Bamenda ta Kamaru, mai haƙuri kamar me. Yana koyar da mu da la'asar a wani ɗaki bayan shagon tela a Titin Koudoukou.

Muna kan darasin abin da zai faru nan gaba. Ya ce akwai "will", ta alkawari da tsammani, akwai kuma "going to", ta abin da ka ga alamarsa ƙarara, kamar hadari ya haɗu ka ce za a yi ruwa. Ni dai ta biyun na runguma, don ta fi cika baki. (A lokacin ina yawo da ƙamus a hammata har wurin mai tsire, kuma ban yarda akwai wanda ya fi ni a ajin ba.)

Sai boren ya sake tashi, harsashi ya huda kwanon gidan Mesiye a unguwar Yakité. Matarsa tana da tsohon ciki, ta ce ita ba za ta haihu a garin nan ba. Suka samu direban babbar mota mai komawa Kamaru. Hanyar kuwa kowa ya san halinta, ga shingen sojoji, ga 'yan fashi a daji.

Baffa ya ce a yi musu walima a gidanmu. "Kai za ka yi wa malaminka addu'a da Turancin da ya koya maka," in ji shi, "ya ga wahalarsa ba ta tafi a banza ba."

Abin da na so in faɗa shi ne, babu abin da zai same ku a hanya. Amma da Faransanci na fara tsara maganar a kaina, kuma a Faransanci kalmar abu ya sami mutum ita ce kalmar mutum ya isa wuri, wato "arriver". Na ɗauko ta haka na zuba a Turanci. Hadiza, 'yar ajinmu, ta ce in karanta mata ta ji. Na ce ta jira ta ji tare da jama'a.

Bayan an ci shinkafa an kawo shayi, na miƙe, na gyara hula, na dubi Madam ido cikin ido don ta samu natsuwa, na ɗaga murya:

"You are not going to arrive. Never!"

Baffa, wanda bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Amin!" Dattawan unguwa suka amsa, "Amin ya Allah!" suka shafa.

Madam ta ajiye kofi, ta dafe cikinta, ta fashe da kuka. Ni kuwa har na fara murmushi, na zaci daɗin maganata ne ya ratsa ta. Sai Hadiza ta ja hannun rigata ta ce, "Kai, ka san me ka ce? Cewa ka yi ba za su isa ba har abada, kuma ka sa an ce amin!"

Mesiye ya rarrashi matarsa da yarensu, sannan ya juyo gare ni ya ce da Faransanci, a hankali, "Ɗana, nahawunka daidai ne, ba kuskure ko ɗaya. Amma ina fata Allah bai jin Turancinka."

Baffa ya tambaya me ya faru. Da aka fassara masa, ya yi salati, ya sa liman ya sake addu'a tun daga farko. Ni na sulale bayan gida, ban fito ba sai da kowa ya watse.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Washegari 'yan ajin duka suka raka su tashar mota, ni kunya ta hana ni fita. Na yi makonni duk motar da ta shigo daga Kamaru sai na je na tsaya kusa da direba, ina kasa kunne ko zan ji labarinsu. Daga baya wani ya ce ya gan su sun tsallake iyaka lafiya, Madam ma ta sauka, an samu mace. Iyakar labarinsu ke nan da na samu. Ban ba ta haƙuri ba, shi kuma ban taɓa ce masa na gode ba.

Yanzu ina zuwa Legas, ina ciniki da Turanci ba tafinta. Amma duk wanda zai yi tafiya ya zo mini sallama, da Hausa nake ce masa Allah ya kiyaye hanya, in raka shi har bakin mota, sannan in rufe bakina.