Wayar da Ta Ƙi Layina

A da, a Kano ko Jidda ko Kwatano, waya waya ce: ka saya, ka zura mata layinka, ta kama aiki. A New York kuwa kamfani kan kulle sabuwar waya, ba ta karɓar layin kowa sai nasa. Ban san haka ba, duk da fasfo huɗu da na cika da hatimi.

Laifin Baba Isifu ne, wani direban tasi ɗan Zangon Kumasi. Kowace Juma'a bayan an idar da salla a masallacinmu na unguwar Morrisania, nan New York, sai ya fito da sabuwar wayarsa, jama'a su yanyame shi. Ni da aka saba kewayewa don jin labarin ƙasashe, na koma ɗan kallo. Mako uku abin yana cina a rai.

Na je Titi na 125, na sayi irinta sak. Mai sayarwar ya fara wani bayani, na ɗaga masa hannu: "Na sayi waya a nahiya uku."

Juma'a na zagayowa, na tara mutane, na yi bisimilla, na zura layina. Wayar ta ce ba ta san shi ba. Na cire, na hure, na goge da bakin riga, na mayar. Shiru.

"Alaji, gwada mata Faransanci mana," in ji Baba Isifu. "Ko Larabci, wataƙila ta ji."

Tun ranar ba wanda ya ƙara tambayata labarin Jidda. Da na doso masallaci sai in ji ana cewa, "Ga Nahiya Uku nan."