Juyen da Na Yi wa Motar Surukina

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa manta safiyar da surukina ya kawo mini bas ɗinsa juyen baƙin mai ba.

Ni bakanike ne a Birnin Kudu, kuma ba yau na fara ba. Juye kuwa ko ido a rufe ina yin sa: ka shimfiɗa kwali, ka kwanta rigingine a ƙarƙashin mota, ka kwance notin ƙasan inji, tsohon mai ya tsiyaye tas, ka ɗaure, ka zuba sabo. Matsalata kwanciyar ce. Allah ya hore mini tumbi, kuma duk sanda na shige ƙarƙashin mota sai riga ta yaye, ƙafafu a waje a wage kamar ragon da ake feɗewa. A gaban kowa zan iya, ban da gaban mahaifin matata.

Baba (ba na kama sunansa, kun san dalili) direba ne daga Farin Dutse ta ƙasar Gwaram. Ran nan ya kawo yayansa, Baffa, asibiti aka ba shi gado, sai ya biyo ta garejina. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Malam, a yi mata juye, ta kwana biyu." Maimakon ya koma inuwa kamar sauran mutane, sai ya ja ya tsaya a kaina, hannu a baya.

Nan na tuna da wani famfo da na saya don burga, wanda ake zura tiyonsa ta ramin gejin auna mai a zuƙe man daga sama, ba kwanciya ba tonon asiri. Na ɗaga kujerar gaba (injin irin bas ɗin nan a ƙarƙashinta yake), kai a sunkuye don kunya, na laluba na zare geji na zura tiyo. Har da iyayi: "Baba, yanzu haka ake yi." Ya ce, "To, madalla."

Sai da na gama zuba sabon mai, na je zubar da wanda na zuƙo, na ga launinsa ja-ja. Motar otomatik ce, gejinta biyu. Man giya na kwashe, tsohon baƙin mai yana nan daram, na kuma lafta masa sabo a kai.

Baba ya riga ya tayar da mota. Abin da zan ce kawai shi ne, "Baba, dakata." Wallahi sai na bar shi ya ja motarsa ya tafi. Na ce wa raina ai asibiti kawai zai koma, da yamma sai in karɓo makulli da sunan wanki in gyara a ɓoye.

Kafin azahar Baffa ya rasu.

Aka sa gawa a bas, aka buga waya gida a haƙa kabari, za a yi sallah bayan la'asar. Ni ma na garzaya asibiti na shiga. Ta ina zan tari mutumin da yayansa ya cika yanzu da zancen man giya? Bazara ce, rana ta take. Tun daga ƙofar asibiti motar take fizga. Ba mu ci rabin hanya ba inji ya hau kuka mota ba ta gaba, hayaƙi ya turnuƙe, ta tsaya cak.

Wani direba ya tsaya taimako. Ya zare wannan geji, ƙayau. Ya zare wancan, mai har wuya. Ya ɗago ya ce, "Wane marar imani ne ya yi wa motar nan juye?"

Baba ya kawar da kai. Na ce, "Ni ne."

Na kwanta a gefen titi, riga a yaye, a gaban Baba da ƙannensa da matan da ke kuka, na kwance noti na rage mai. Aikin banza, don babu mai sayar da man giya a dajin nan, motocin da ke wucewa kuma duk a cike. A amalanken shanu aka ƙarasa da Baffa, an rufa masa ganye saboda rana, muna biye a ƙasa. Da muka isa magariba ta kawo jiki, mutanen ƙauyukan da suka zo jana'iza duk sun gaji sun koma. Dattijon da ya halarci jana'izar kowa, tasa da ƙyar ta cika sahu. Wannan ya fi komai ci mini rai har yau.

A zaman makoki na rakuɓe can gefe, ina jiran zagi. Baba ya yafito ni, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, da ka faɗa mini da safe, ni da kai ne kaɗai za mu ji."

Tun daga ranar na gane kunyar suruki a gaisuwa take da amfani. In an zo kan inji, gara ya ga cibiyata.