Yadda Za Ka Ci Gaba da Zama Injiniyan Talabijin a Gidanka

Maigida, kwantar da hankalinka. An yi sanarwa cewa ranar Asabar za a kashe tsohon tsarin talabijin a koma na dijital, kuma duk akwatin da ba a haɗa masa dikoda ba zai makance. Na san abin da ke cin ranka. Shekara goma sha biyu kai kaɗai ka san inda ake marin talabijin ɗin nan hoto ya dawo, kuma da marin nan kake cin girma a gidan. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci mutuncinka ba zai taɓu ba.

1. Ƙaryata sanarwar

Da matarka ta ce, "Baban yara, ka ji abin da suka faɗa?" yi mata dariyar manya, ka ce, "Haka suka ce bara." Masana sun tabbatar cewa abin da maigida bai yarda da shi ba, ba ya shigowa falo.

2. Wulaƙanta dikodar

Ƙanwar matarka za ta kawo ta a kwali da 'yar eriyarta, kyauta. Jujjuya ta, ka ce ba ta da nauyi, ka ɗora a kan firji. Takardar bayanin kuwa, tokare ƙafar tebur da ita, dama yana rawa.

3. Mari

Asabar da la'asar surukarka za ta zo takanas. Wata takwas tana bin wani wasan kwaikwayo, yau za a san wanda ya ƙona shagon. Ta zauna, ta gyara tabarau, ka kunna, sai shuuu. Mari gefen dama. Mari na hagu. In ta ce, "Ɗan nan, ko a kira mai gyara?" dafa ƙirji ka ce, "Haba Mama, ina raye?"

4. Hau kwano

Aro tsanin maƙwabci. Kama eriya, juya ta gabas, ka ƙwala, "Ya yi?" Za su amsa ta taga, "Bai yi ba!" Ji daɗin wannan amsar. Babu lokacin da gidan nan kaf yake kasa kunne gare ka kamar yanzu.

5. Karɓi yabo

Can sai shewa ta tashi, "Ya yi! Tangaran!" Matarka ta leƙo ta ce, "Baban yara, riƙe nan, kada ka motsa!" Riƙe. Ba ruwanka da cewa ta sauko da kwalin, ta zaro takardar nan daga ƙarƙashin tebur, ta soka waya biyu. Ka ji Mama tana cewa, "Yaron nan hannunsa da albarka." Matarka ta ce, "Ai haka yake, Mama."

6. Kada ka gwada saki

In hannunka ya gaji ka saki, ba wanda zai yi ihu. Ka juya eriyar yamma, ka kwantar da ita ma, ba abin da za ka ji sai dariyar Mama. Zai yi maka ciwo, na sani, ni ma na zauna a kan kwanon nan. Sake kama ta, ka ƙwala, "Yanzu fa?"

Matarka za ta amsa, "Daidai ke nan, riƙe sosai!"

Sanarwa: marubucin nan ba shi da hannu a ƙonewar tafin ƙafa, ko dariyar masu wucewa. In maƙwabci ya zo ya ɗauke tsaninsa, kada ka neme ni. Yi haƙuri a gama wasan, za a tuna da kai lokacin talla.