Ƙwallon da Na Ci wa 'Yan Mali

A shekarun la crise, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, da aka sallame mu daga ofis a Bonapriso, gasar ƙwallon baƙi ce kaɗai abin da ke fid da mu daga gida a unguwarmu ta New Bell. Mu Hausawa muka kai wasan ƙarshe da 'yan Mali, ba a jima da binne kyaftin ɗinmu Sanda ba. Mun yi wa mahaifinsa, Baba Garba, alkawarin kofin, har aka ajiye masa kujera a bakin fili.

Ina benci ina cika baki, wai da ni ne a ciki da tuni an gama. Bayan hutu aka sa ni. Ban lura an sauya raga ba. Na karɓi ƙwallo, ina mamakin yadda kowa ke tsoron tare ni, na ɗirka ta a raga. Na ruga wurin tsohon ina hawaye, "Baba, wannan ta Sanda ce!"

Golanmu ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Baba Garba ya dafa kafaɗata, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma ragarmu ce."

Da ita aka ci mu. Har yau in na shiga kasuwar Mboppi, sai na ji ana, "Sannu da zuwa, Alhaji Bamako!"