Hoton Takwara da Jar Mota

"...da gajiyar suna?"

"Gajiya ta bi lafiya, amarya. Ya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi. Ya mai jego? Ya mutan Makarfi?"

"Lafiya lau, duk suna gaishe ki."

"Ina amsawa. To gaisuwar ta isa haka, miƙo min takwarata in gani."

Ina gefe ina yanka tumatirin kauɗa sa'ad da Zayyad ya jingine babur ya durƙusa gaban kakarsa, Iya Mero, uwar mijina. Jikokin Iya da tattaɓa-kunnenta za su cika mota, amma ba wadda aka taɓa sa wa sunanta, sai yanzu da Wasila, yayar Zayyad, ta haifi mace a Makarfi. Ciwon gwiwa ya hana Iya hawa babur, shi ya sa tun da sassafe ta tashi Zayyad daga nan Saulawa da zanen goyo, ta ce ya ɗauko mata hoton yarinyar a waya. Wuni ta yi a bakin ƙofa, ko furar rana ba ta sha ba.

Ni dai tun da safe na ce an yi kuskuren ɗan aike. Samarin garin nan wasu ƙwallo, wasu kiwon tattabaru, shi kuwa Zayyad ba abin da ya sa a gaba sai ɗaukar hoton motar kashe gobara. Har wani guruf suke da shi a waya, shi da wasu marasa aikin yi irinsa daga ƙasashe daban-daban. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji maƙwabcin mai akuya da ya sayi kura.

Ya miƙa mata wayar. Iya ta kanne ido ɗaya, ta kai ta kusa da hanci.

"Ikon Allah! Wasila ce ta haifi wannan? Ja wur, ga ido huɗu?"

"Matsa gaba, tsohuwa, wannan fuskar ce kawai. Ga ta nan ta gefe."

"Barakallahu! Har da tsani aka haife ta. Wanzami bai sha wahalar aski ba?"

"Ke ba ki san abin arziki ba. Marsandi ce wannan, ƙirar Jamus, taya shida. Tankinta lita dubu biyar yake ci, ga na kumfa daban saboda gobarar fetur. Kin ga wannan na samanta? Bindigar ruwa ce. In aka saita ki da ita daga nan, sai dai a tsinto ki a Janfalan."

"A saita ka dai, ko ka samu wankan da ka yi wata ba ka yi ba. Ina takwarata?"

"Tsaya mana ki ga mesar. Ki ga yadda aka naɗe ta. Ni wajen mai faci na gan ta ana ba ta iska, ina cikin ɗauka aka kira 'yan kwana-kwanan, wai gonar rake ta kama a hanyar Kudan. Da ke ce, za ki bari ta wuce?"

"A'a, ina! Ai da ni ce, da gwiwar nan zan bi ta a guje. Wato har Kudan ka je?"

"Har bakin gonar. Na samu hotonta tana feshi, abin da na shekara ina nema. Wani Bature a guruf ɗinmu har ya tambayi lambar injinta."

"Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Shi Baturen ba shi da 'yar da zai ba ka? Don ni yau na fita daga auren nan."

"Ki fita ki je ina? Wa zai kwashi tsohuwar Bilhodi, motar da sai an tura take tashi? Ga fitila ɗaya ta mutu, ga birki babu, sai hon."

"Tsohuwar zuma ce, yaro, da ita ake magani. Kakanka buhun barkono ya sayar ya zo zance wurina. Kai me ka taɓa kawo min? Hoton taya."

"Tayar ma sabuwa ce, ba irin taki mai faci ba."

"Huseina," ta juyo wurina, "kina jin mijin banza? Yaron da ranar da ɗan akurkin kajina ya kama da wuta, ana ta neman bokiti, shi yana neman inda haske ya fi kyau."

"An samu hoto mai kyau kuwa. Ke ce a gaba da ludayi."

Na yi dariya ba don na so ba, don raina ya fara ɓaci. Iya na ta shafa fuskar wayar da ɗan yatsa, jar mota na wucewa, wata jar mota na zuwa. Ga ta gaba, ga ta baya, ga wani ɗan kwana-kwana da hular kwano yana washe baki. Har hotunan suka ƙare ba ko ɗan yatsan jariri. Ta ajiye wayar a kan tabarma.

"Zayyadu. Ka je gidan sunan ma kuwa?"

Duk sa'ad da ta kira shi da sunansa, wasa ya tsaya. Ya sosa ƙeya.

"Wallahi na je, Iya, da ni aka shafa fatiha. Na ba da zanen. Gwaggo Mukarrama ce, uwar mijin Wasila, ta hana. Ta ce ba mai ɗaukar hoton jikarta sai an yi arba'in, saboda bakin mutane. Ta ce balle ni, da duk abin da na ɗauka kafin azahar ya kai ƙasar Turawa."

"Ta yi gaskiya. Halinka ne ya ja min."

Ta murza gwiwa, ta ce, "Arba'in. Wa ya ba ni tabbacin arba'in?"

Maganar ta soke ni, na ji kamar in jefi yaron nan da tumatir. Shi kuwa gogan naku sai ya ɗauki wayar yana latse-latse.

"Kwantar da hankalinki, amarya. Mu a sana'armu, in aka rufe mana ƙofa aka ce ba hoto, ba ma dawowa hannu rabbana. Jiniya muke naɗa. Gwani daga kukan mota yake gane ƙirarta. Kawo kunnenki."

Ya danna. Wata irin ƙara ta tashi, wiii-wuuu, kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya, Iya ta yi baya tana salati.

"Au, yi haƙuri, wannan ta Marsandin ce."

"Allah ya shirye ka! Ka kashe ni ka ci gadon me? Tabarma?"

"Ga taki nan. Ina bayan wanzami ana aski, waya na cikin aljihu. Hoto aka hana, ba a ce in toshe mata kunne ba."

Ya sake dannawa. Da farko hayaniyar mata, sai muryar wanzami yana cewa a riƙe kan da kyau. Sai ga kuka ya ɓarke, siriri, mai kaifi, na yarinyar da ba ta yarda da abin da ake mata ba. Ta ja numfashi ta sake ƙwalawa. Wata murya daga ciki ta ce, "Kai, Mero ƙarama, wannan faɗa haka!"

Iya ta fizge wayar da hannu biyu ta manna a kunne. Hawaye na bin kumatunta, tana dariya.

"To gwani," ta ce, "wace ƙira ce wannan?"

"Ƙirar Saulawa ce, tsohon samfuri aka sabunta. Jiniyar taki ce sak, ba a canza ko ƙusa ba. Mutan Makarfi sun shiga uku."

"Ja'iri! Huseina, kama masa jan zakaran can, tunda jan abu yake so. Na fasa fita, auren ya koma."

"Na gode, uwargida. To ba ni wayar, 'yan guruf na jirana."

"Su jira. A nan za ta kwana."

Ta gyara zama, ta miƙo masa fuskar wayar ba tare da ta sake ta ba.

"Sake kunna min."